Makaman ƙare-dangi: Alƙawarin 1968 da har yau rabinsa kawai aka cika

Da safiyar 13 ga Fabrairun 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da garin Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima kusan sau huɗu. Hujjar zaɓen wurin ita ce wai hamada ce fayau da ba kowa, alhali akwai dubban mutane a garuruwan da ke kewaye. Ita kuwa iskar Sahara ba ta san kan iyaka ba, kamar yadda duk wanda ya taɓa shaƙar ƙurar hunturu a Kano ko Damagaram zai shaida. Wata taswirar sojin Faransa da aka fito da ita daga sirri, jaridun ƙasar suka wallafa a 2014, ta nuna cewa cikin 'yan kwanaki burbushin gwajin ya isa Chadi da Mali da wasu sassan Afirka ta Yamma.

Kafin shekarar ta ƙare, Faransa ta ƙara gwaji biyu. A watan Janairun 1961, wata uku kacal bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na ƙasar shigowa Najeriya. A Ghana, Kwame Nkrumah ya riga ya toshe kadarorin Faransawa. Duk da haka ba a fasa ba. Sai da Faransa ta yi gwaji 17 a ƙasar Aljeriya, na ƙarshe a 1966, sannan ta kwashe kayanta ta koma tsibiran tekun Pasifik.

Wannan tarihin ne ya sa batun kwance ɗamarar nukiliya bai taɓa zama baƙo ga Afirka ba, ko da yake a yau ana jin sa kamar zancen manyan ƙasashe da ake yi a Janeba da New York. A ƙasar Afirka aka gwada makamin, a cikinta kuma aka haƙo abin haɗa shi: mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bama-bamanta na farko da shi daga ma'adinar Shinkolobwe ta Kongo ya fito.

Nawa ne, kuma a hannun wa?

Ƙasashe tara ne ke da makaman nukiliya: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa da Isra'ila. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Stockholm ta ƙiyasta cewa a Janairun 2025 akwai kawunan nukiliya kimanin 12,241 a duniya. Kai, a wannan fagen, shi ne ainihin bam ɗin da ake ɗora wa makami mai linzami ko a loda a jirgin yaƙi. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na hannun Rasha da Amurka, kuma wajen 2,100 na cikin shirin ko-ta-kwana, wato ana iya harba su cikin 'yan mintoci.

Adadin na da ban tsoro, amma a tsakiyar shekarun 1980 ya haura 70,000. Ke nan an kawar da fiye da kashi huɗu cikin biyar, abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba idan ana cewa yarjejeniyoyin duniya takardu ne kawai. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne alkiblar lissafin. Jimillar na ci gaba da raguwa kaɗan-kaɗan ne saboda Amurka da Rasha na kwance tsofaffin makaman da suka daina amfani da su, amma waɗanda ke shirye don yaƙi sun fara ƙaruwa, kuma duk ƙasashen tara na sabunta nasu.

Cinikin da aka ƙulla a 1968

Ƙudurin farko da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya taɓa zartarwa, ranar 24 ga Janairun 1946, kan wannan makamin ne. Lokacin ba a fi wata shida da halaka Hiroshima da Nagasaki ba, inda mutane kimanin 140,000 a birni na farko da fiye da 70,000 a na biyu suka mutu kafin ƙarshen 1945. Ƙudurin ya kafa kwamitin da zai nemo hanyar kawar da makamin baki ɗaya, kwamitin ya watse ba tare da ya cimma komai ba. Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, Birtaniya a 1952, Faransa a 1960, Sin a 1964. A 1963 Shugaba John Kennedy na Amurka ya bayyana fargabar cewa kafin shekarun 1970 su wuce ƙasashe 15 zuwa 25 za su iya mallakarsa.

Wannan fargabar ce ta haifi Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, wadda aka fi sani da NPT. An tattauna ta a wani kwamiti na ƙasashe 18 a Janeba, kuma Najeriya na cikin ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu da suka zauna a teburin, tare da Habasha da Masar da Indiya da Meziko da sauransu. An buɗe ta don rattaba hannu ranar 1 ga Yulin 1968, ta fara aiki ranar 5 ga Maris 1970. Najeriya na sahun farko na waɗanda suka amince da ita.

Asalinta ciniki ne tsakanin masu shi da marasa shi. Ƙasashen da ba su da makamin sun yi alƙawarin ba za su taɓa nemansa ba, kuma za su buɗe ƙofofinsu ga sufetocin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai hedikwata a Biyana. A madadin haka an tabbatar musu da 'yancin amfani da nukiliya wajen lantarki da magani da noma. Su kuma ƙasashe biyar da suka gwada bam kafin 1 ga Janairun 1967, waɗanda su ne kuma masu kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, sun ɗauki alƙawari a sashe na shida cewa za su tattauna da zuciya ɗaya don kawo ƙarshen gasar makamai da kwance ɗamara.

Bambancin alƙawuran biyu a fili yake. Na marasa makami yana da sufetoci da kyamarori da hatimi da rahoton da ake iya miƙa wa Kwamitin Sulhu, da takunkumin da kan biyo baya. Na masu makami ba shi da rana, ba shi da adadi, ba shi da mai bincike. A 1995, da wa'adin shekara 25 na yarjejeniyar ya cika, aka tsawaita ta har illa ma sha Allahu, kuma da yawa daga masu sukar matakin na ganin a ranar ce ƙananan ƙasashe suka saki igiya ɗaya tilo da suke riƙe da manya da ita. A shekarar da ta biyo, Kotun Duniya da ke Hague ta ba da fatawa, da bakin alƙalanta gaba ɗaya, cewa wajibin bai tsaya ga zama a tattauna ba, dole ne a kai tattaunawar ga ƙarshe. Fatawa dai ba ta da ɗan sanda.

Ta fuskar hana yaɗuwa kam, ba a yi asara ba. Hasashen Kennedy bai tabbata ba. Suwidin da Suwizalan da Brazil da Ajantina da Koriya ta Kudu duk sun taɓa kama hanyar, suka koma. Ƙasashe 191 ne suka shiga yarjejeniyar. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, Koriya ta Arewa kuwa ta sanar da ficewarta a 2003, ta yi gwaji shida tsakanin 2006 da 2017.

Tsoro da ƙidaya

Raguwar da aka samu daga 70,000 ba daga zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito ba. Ta fito ne daga zaman kar-ta-san-kar tsakanin Washington da Mosko, kuma kusan kowane mataki ya biyo bayan wata razana.

A Oktoban 1962 Amurka ta gano makamai masu linzami na Sobiyet a tsibirin Kyuba, duniya ta kwana 13 a bakin rami. Bayan an tsallake, aka haɗa layin sadarwa na kai-tsaye tsakanin fadojin biyu, aka kuma ƙulla yarjejeniyar 1963 da ta hana gwaji a sararin sama da cikin ruwa. A 1972 Richard Nixon da Leonid Brezhnev suka sa hannu kan yarjejeniyar farko ta taƙaita makamai masu dogon zango, da wata mai suna ABM wadda ta taƙaita garkuwar kakkaɓo makamai. Wannan ta biyun kan ba mai karatu mamaki, domin a zahiri garkuwa ba ta kashe kowa. Dabarar ita ce, duk wanda ya yi imani yana da garkuwar da za ta tare ramuwar gayya zai iya yin sha'awar fara kai hari, abokin gabarsa kuma zai ƙara yawan makamai don ya fi ƙarfin garkuwar. Sai ɓangarorin biyu suka yarda kowa ya zauna ƙirjinsa a buɗe.

Farkon shekarun 1980 ya zo da wata razanar. A daren 26 ga Satumban 1983 na'urorin gargaɗi na Sobiyet suka nuna cewa Amurka ta harbo makamai. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke shawarar cewa kuskuren na'ura ne, ya kai rahoto a haka, kuma ya yi gaskiya: hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Bayan shekara uku Ronald Reagan da Mikhail Gorbachev suka haɗu a Reykjavik, har suka taɓo maganar kawar da makaman gaba ɗaya, zancen ya watse a kan shirin garkuwar sararin samaniya da Reagan ya ƙi sakewa. Amma daga wannan zaman aka samu yarjejeniyar INF ta 1987, wadda ta haramta duk makaman da ake harbawa daga ƙasa masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500. An lalata guda 2,692, kowane ɓangare na kallon ɗan'uwansa yana yankawa yana murƙushewa. Yarjejeniyar START ta 1991 ta rage kawunan masu dogon zango zuwa 6,000 ga kowane ɓangare, sannan Sabuwar START, wadda Barack Obama da Dmitry Medvedev suka sa wa hannu a birnin Prague a Afrilun 2010, ta sauko da waɗanda aka girke zuwa 1,550.

Abin da ya ba waɗannan takardun nauyi shi ne ƙidaya. A ƙarƙashin Sabuwar START, kowace ƙasa ta samu damar kai ziyarar bincike 18 a shekara zuwa sansanonin ɗayar, bisa gajeriyar sanarwa. A lokacin sufetocin Rasha kan isa sansanin Amurka, su nuna makami guda, a buɗe musu su ƙirga kawunan da ke kansa, na Amurka ma su yi haka a Rasha. Kowane makami da jirgi na da lambarsa, kuma idan aka matsar da shi sai an sanar. Ba amana ce ta sa aka yi haka ba, rashin amana ne. Amfanin shi ne janar-janar na kowane ɓangare na tsara shirinsu bisa abin da suka gani da ido, maimakon bisa mafi munin abin da suke zato.

Har riba aka ci a wani wurin. Tsakanin 1993 da 2013 Rasha ta narke tan 500 na yuraniyom ɗin bam, kwatankwacin kawuna 20,000, ta surka shi ta sayar wa Amurka a matsayin makamashin tashoshin lantarki. Tsawon shekaru, kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da Amurkawa ke sha daga makaman da aka ƙera don halaka biranensu take fitowa.

Yadda ginin ya riƙa zubewa

Tubalin farko da aka zare shi ne na ABM, wadda gwamnatin George W. Bush ta fice daga cikinta a 2002, bisa hujjar tana son garkuwa daga ƙasashe irin su Iran da Koriya ta Arewa. Mosko ba ta yarda da wannan bayanin ba, kuma sababbin makaman da Vladimir Putin ya baje kolinsu a jawabinsa na Maris 2018 ya gabatar da su ne a matsayin amsa. INF ta mutu a Agustan 2019, bayan Amurka da ƙawayenta na NATO sun zargi Rasha da ƙera makamin da ya saɓa mata, zargin da Rasha ta musanta. Yarjejeniyar da ta ba jiragen leƙen juna damar shawagi a sararin samaniyar ƙasashen ta bi sahu: Amurka ta fita a 2020, Rasha a 2021.

Sabuwar START ce ta rage a lokacin. An dakatar da ziyarar sufetoci a Maris 2020 saboda annobar korona, ba a kuma sake komawa ba. A 2021 aka tsawaita ta da shekara biyar, zuwa 5 ga Fabrairun 2026, kuma tanadinta bai ba da damar tsawaitawa karo na biyu ba. A Fabrairun 2023, shekara guda da mamaye Yukren, Putin ya sanar da jingine aiki da ita, ko da yake ya ce Rasha za ta tsaya kan adadin. A Satumban 2025 ya yi tayin a ci gaba da mutunta adadin na shekara guda bayan cikar wa'adi. Ko da an tsaya kan irin wannan fahimtar, magana ce ta fatar baki, babu sufeton da zai je ya buɗe ya ƙirga.

Akwai kuma matsalar da tsofaffin yarjejeniyoyin ba su hango ba, domin an gina su ne kan mutum biyu. Sin, wadda ta daɗe tana riƙe da 'yan ɗaruruwa kaɗan tare da manufar cewa ba za ta taɓa fara amfani da makamin ba, yanzu tana da aƙalla 600 a ƙiyasin SIPRI, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna a 2021 tana haƙa ramukan harbi kusan 300. Ma'aikatar tsaron Amurka na hasashen za ta haura 1,000 nan da 2030. Washington na cewa duk sabuwar yarjejeniya sai da Beijing a ciki. Beijing na cewa mai 600 ba zai zauna rabon ragi da masu dubbai ba, su fara saukowa tukuna. Mosko kuma na cewa in za a kira Sin, to a kira Birtaniya da Faransa, musamman da yake Landan ta ɗaga nata rufin zuwa kawuna 260 a 2021. Kowa na da hujjar da ke da ƙamshin gaskiya, kuma hujjojin a haɗe sun isa su hana a zauna.

Zaurukan da ya kamata su cike giɓin su ma sun cije. Taron Kwance Ɗamara na Janeba mai ƙasashe 65, wanda ba ya zartar da komai sai kowa ya yarda, rabonsa da kammala wata yarjejeniya tun 1996. Taron bitar NPT na 2015 ya tashi baram-baram bayan Amurka da Birtaniya da Kanada sun ƙi amincewa da tanadin raba Gabas ta Tsakiya da makaman, batun da ya shafi Isra'ila kai-tsaye, wadda ba ta taɓa amsawa ko musanta mallakar makamin ba, ko da yake tun 1986 wani ma'aikacin tashar Dimona, Mordechai Vanunu, ya fallasa shirin ya kuma sha ɗaurin shekara 18. Na 2022 Rasha ce ta wargaza shi, kan kalaman da suka shafi tashar Zaporizhzhia ta Yukren da sojojinta suka mamaye.

Waɗanda suka ajiye, da abin da ya same su

Ƙasa ɗaya ce tak ta ƙera bam da kanta sannan ta lalata shi. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haɗa guda shida a ɓoye, ta kwance su, ta shiga NPT a 1991, kafin Shugaba F.W. de Klerk ya tona asirin a gaban majalisa a Maris 1993. Har yau ana muhawara kan ko ƙarshen Yaƙin Cacar Baka ne dalili, ko kuwa gudun kada makamin ya faɗa hannun gwamnatin baƙar fata da ke tafe. Ko ma mene ne, matakin ya share hanyar Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009, ta mayar da nahiyar yankin da aka haramta ƙerawa da girkewa da gwada makaman nukiliya. Burin ya samo asali ne tun sanarwar shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1964, wadda gwaje-gwajen Sahara suka zaburar.

Sauran misalan biyu su ne masu ɗaci. Yukren ta gaji kawuna masu dogon zango kusan 1,900 daga Tarayyar Sobiyet, ko da yake makullan harba su na Mosko. Ta miƙa su ga Rasha bayan takardar Budapest ta Disamban 1994, inda Amurka da Birtaniya da Rasha suka yi alƙawarin mutunta iyakokinta. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta shiga da yaƙi gadan-gadan a 2022. Mu'ammar Gaddafi ya miƙa shirinsa, wanda bai kai ga bam ba, a Disamban 2003. Shekara takwas bayan nan jiragen NATO suka taimaka wa 'yan tawaye suka kifar da shi. Hukumomin Pyongyang sun sha kafa hujja da makomar Libiya a bainar jama'a. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah, sai dai a nan darasin da aka ɗauka ya saɓa wa wanda masu kwance ɗamara suke so a ɗauka.

Nijar ma ta ga yadda ake juya batun hana yaɗuwa ya zama makamin siyasa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. A Janairun 2003 Shugaba Bush ya faɗa wa majalisar dokokin ƙasarsa cewa Saddam Hussein ya nemi yuraniyom daga Afirka, kuma wasu takardu da ke yawo sun nuna wai da Yamai aka ƙulla cinikin. A Maris na shekarar shugaban IAEA, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ɗaya ma na ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen da ya bar kujerar fiye da shekara goma kafin ranar da aka rubuta a kanta. Bayan mako biyu aka afka wa Iraƙi, ba a kuma samu makamin ba. An dai shafa wa Nijar kashin kaji a banza.

Rikicin Iran kuwa sai an fahimci abu ɗaya game da sinadarin kafin a gane shi. A cikin yuraniyom ɗin da ake haƙowa, nau'in da ke tarwatsewa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tashar lantarki na buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, bam kuma wajen kashi 90. Injinan tacewar iri ɗaya ne, kuma mafi wahalar aikin a matakin farko yake, ta yadda wanda ya kai kashi 60 ya kusa gama tafiya. Yarjejeniyar 2015 ta tsayar da Iran a kashi 3.67 da ajiyar kilo 300, ƙarƙashin sa ido mai tsanani, kuma IAEA ta yi ta tabbatar da cewa tana cikawa. Donald Trump ya fitar da Amurka a Mayun 2018 ya maido da takunkumi. A 2021 Iran ta fara tacewa zuwa kashi 60, matakin da ya wuce buƙatar kowace tashar lantarki, a Yunin 2025 kuma Isra'ila da Amurka suka kai hari kan Natanz da Fordo da Isfahan. Ƙasashe biyu masu makamin, ɗaya ma ba ta cikin NPT, sun bugi ƙasar da ke cikinta. Ko wanda bai yarda da niyyar Tehran ba ya san yadda wannan hoton ke bayyana a idon sauran duniya.

Da marasa makami suka gaji da jira

Ganin mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, sai wasu ƙasashe suka sauya dabara. Maimakon roƙon masu makami su rage, suka nemi a haramta shi a dokar duniya kamar yadda aka haramta makamai masu guba da nakiyoyin da ake binnewa, ko masu shi sun zo ko ba su zo ba. Najeriya na cikin ƙasashe shida da suka ja ragamar, tare da Afirka ta Kudu da Ostiriya da Brazil da Ireland da Meziko. Ranar 7 ga Yulin 2017 ƙasashe 122 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da Yarjejeniyar Haramta Makaman Nukiliya. Najeriya ta miƙa takardar amincewarta ranar 6 ga Agustan 2020, daidai cikar shekara 75 da harin Hiroshima, yarjejeniyar kuma ta fara aiki ranar 22 ga Janairun 2021. Ita ce ta farko da ta wajabta taimaka wa waɗanda gwaje-gwaje suka cutar da tsabtace wuraren da aka gurɓata.

Babu ko ɗaya daga ƙasashen tara da ta shiga, babu ƙasar NATO ko ɗaya, har Japan ma, wadda ke fakewa a inuwar makaman Amurka, ta ƙi. Masu suka na cewa haramcin da bai hau kan mai laifi ba ado ne, kuma gaskiya ne bai kwance kai ko guda ba. Masu goyon baya na amsawa da cewa kunya ma makami ce, sannu take aiki. Gamayyar ƙungiyoyin ICAN da ta yi fafutukar ta samu kyautar Nobel a 2017, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga Hiroshima da Nagasaki, Nihon Hidankyo, ta samu a 2024. A lissafin ICAN, ƙasashen tara sun kashe fiye da dala biliyan 100 kan makaman a 2024 kaɗai.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun waɗannan ƙasashen ita ce ta abinci. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature Food ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa hayaƙin biranen da za su ƙone a yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan zai iya tare hasken rana ya rage amfanin gona har mutane fiye da biliyan 2 su mutu da yunwa, na Amurka da Rasha kuma fiye da biliyan 5. Manomin gero a Maraɗi da mai sayen burodi a Kaduna ba sa cikin rigimar, amma suna cikin lissafin. Indiya da Pakistan sun yi kwana huɗu suna musayar wuta a Mayun 2025.

Akwai dai ayyukan da ake ci gaba da yi ba tare da hayaniya ba. Ƙaramar na'urar binciken nukiliya da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta fara aiki a 2004 da kimanin kilo ɗaya na yuraniyom da aka tace zuwa matakin bam. A 2018 aka sauya mata makamashi maras haɗari, aka kwashe tsohon aka mayar Sin inda ya fito, shekara guda bayan Ghana ta yi haka da tata.

Sai kuma batun gwaji, wanda da shi Afirka ta shigo zancen. Yarjejeniyar hana gwaji kwata-kwata ta 1996 ba ta fara aiki ba har yau, domin sai ƙasashe 44 da aka lissafa sun amince, kuma Amurka da Sin da Masar da Iran da Isra'ila sun sa hannu ba su tabbatar ba, Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa ko hannu ba su sa ba, Rasha kuma ta janye amincewarta a Nuwamban 2023. Duk da haka Mosko ba ta tayar da bam ba tun 1990, Washington tun 1992, Paris da Beijing tun 1996. A ƙarshen Oktoban 2025 Trump ya ce ya umarci a koma gwaji daidai da yadda wasu ke yi, Putin kuma ya umarci jami'ansa su kawo masa shawarwari kan shirin mayar da martani. Hukumar yarjejeniyar, wadda ɗan Burkina Faso Lassina Zerbo ya shugabanta daga 2013 zuwa 2021, na da tashoshi fiye da 300 a faɗin duniya masu sauraron motsin ƙasa da teku da iska, kuma sun ji duk gwaje-gwaje shida na Koriya ta Arewa. Ɗaya daga cikin manyan tashoshin na Torodi, kudu maso yammacin Yamai.